Barka da Zuwa, Hajiya

Kowace shekara sai an turo mini samari da 'yan mata daga Moshi Zango da Sofoline, su zo shagona a Dichemso in koya musu gina shafin intanet. Kafin mako ya zagayo sai in ji ɗaya yana raɗa wa ɗan'uwansa cewa aikin Malam Isaka ai danne-danne ne kawai, mutum na zaune ƙarƙashin fanka, ba rana ba gumi. Gaskiyarku. Ni ma tunda nake ban taɓa ganin wanda kwamfuta ta datse wa yatsa ba. To tunda kun riga kun iya, ku jawo benci in ba ku labarin maɓalli guda ɗaya, wanda aka rubuta wa "fita", da yadda ya raba wata baiwar Allah da kasuwar da ta shekara talatin tana ci. Ni na ɗora maɓallin da hannuna, a ƙarƙashin fankar nan da kuke gani.

A wajen Masta Yakubu na koyi aiki, lokacin da intanet ke bi ta wayar tarho, sai ta gama kukanta kafin ta kama. Shekarar farko ko layi ɗaya ban rubuta ba. Shara, hure ƙura daga cikin inji, matse kan waya da filaya, shi ke nan. Ranar da ya ga dama ya koya mini abin da muke kira seshin, sai ya aike ni sayen koko. Na dawo, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wane ne kai?" Na ce ni ne Isaka. Ya karɓi kokon, ya aike ni sayen sukari. Na dawo, ya ce, "Wane ne kai?" Sau shida muna haka, har na fara tunanin ko a nemo masa malami. Sannan ya ɗauki marfin kwalba ya rubuta bakwai a ciki, ya buɗe littafi ya rubuta: bakwai, Isaka. Ya ce daga yanzu in na shigo in nuna marfin. Da azahar ya karɓe marfin ya ba mai gyaran takalma da ke bakin ƙofa, ya wuni yana kiransa Isaka, ni kuwa ko kallo ban ishe shi ba.

Darasin ke nan, kuma har yau ban ga littafin da ya fi shi bayani ba. Saba, wato babbar kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, ba ta riƙe mutum. Kana juya baya ta manta da kai. Don haka in ka shiga da lambarka sai ta ajiye wa wayarka wata 'yar alama, ita ce kuki, ta kuma rubuta a littafinta cewa mai wannan alamar wane ne. Wannan rubutun shi ne seshin. Ba ta san fuskarka ba, ba ta san muryarka ba, marfin kwalba ta sani. In saba ɗaya ce, da sauƙi. Wahala tana farawa ranar da mai aiki ya ce biyu yake so, an rubuta ɗaya da wannan harshen kwamfuta, ɗaya da wancan, kowacce da littafinta, kamar ɗaya na rubutu da ajami ɗaya da boko, kuma ana so mutum ya ratsa daga wannan zuwa waccan ba tare da an sake tambayarsa wane ne shi ba.

Kayan aikina ga su nan kuna yi musu dariya. Laftof da aka ɗaure murfinta da salatif, batirin ajiya saboda wutar da ke zuwa ta tafi ba sallama, sai littafin makaranta mai layi inda nake zana akwati da kibiya kafin in taɓa maɓalli. Sauran aikin na kunne ne da haƙuri. Mai makaranta zai kira ni yana huci wai shafi ya kore shi, in bincika in tarar ya tafi salla, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, ya dawo yana so shafin ya jira shi a inda ya bari. Mai kemis yana so shafi kada ya taɓa mantawa da shi har abada, amma in matarsa ta ɗauki wayar ya manta nan take. Duka biyun sun rantse cewa abin da suke nema ƙarami ne, ai danna wani abu kawai zan yi.

Babbar abokiyar aikina a shekarun nan wata ƙungiya ce ta 'yan kasuwarmu, masu zannuwa da hatsi da kayan miya, da ke bakin titi wajen Sofoline. Ni na gina musu shafin mambobi da harshen PHP, na shigar da kowa da hannuna, suna da lambar kati da abin da yake sayarwa. Shugabansu Alhaji Mamman ne, dattijo ɗan asalin Nijar, wanda ko tari zai yi sai ya gyara hula. Ranar da na kai musu aikin, na gwada shiga da katin magajiyar mata, babbar mai zannuwa. Shafi ya buɗe, a samansa an rubuta: "Barka da zuwa, Ayishetu." Alhaji ya sa tabarau, ya karanta, ya cire tabarau.

"Malam Isaka, wannan abin naka wa ya yi masa tarbiyya?"

Na ce, "Lafiya, Alhaji?"

"Matar da ta aurar da jikoki, ya kira sunanta gatsau, sai ka ce shi ya yanka mata rago?"

Na ce ai haka ake yi ko'ina a duniya. Ya ce nan ba ko'ina ba ne, Zango ne. Na koma shago na cire sunaye daga gaisuwar, na bar laƙabi kaɗai. Wanda ya je Makka a ce masa Alhaji ko Hajiya, namijin da bai je ba Malam, macen da ba ta je ba Mma, yadda muke kiran iyayenmu mata a nan. Na sha yabo. Har a wajen ɗaurin aure an nuna ni, wai ga wanda ya koya wa kwamfuta kunya. Ni ma na yarda ba ƙaramin aiki na yi ba.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda aka ce za a faɗaɗa titi, kowa ya tashi daga bakin hanya. Ƙungiya ta samu sabbin rumfuna a ciki, amma ba su kai yawan mambobi ba. Aka yanke cewa kowa ya cika fom a intanet kafin sallar Juma'a, na'ura ta jera sunaye bisa daɗewar mutum a kasuwa da irin kayansa, don kada a ce an yi son kai. Fom ɗin ba ni aka ba ba, wai na tsufa. Aka ba wani Kwabena, Ba'asante da ya tashi a cikin Zango, yana jin Hausa sarai sai dai mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Gwani ne, ba na rage masa komai. Ya rubuta nasa da harshen Java, a kan wata saba daban. Haɗa biyun aka bar mini, tunda mambobi a wajena suke.

Ga yadda na haɗa. Mutum zai shiga ta sabata da lambar katinsa, ta miƙa shi wa ta Kwabena. In ta Kwabena ta ga baƙo, sai ta tambayi tawa, wane ne wannan? Tawa ta faɗa mata suna da laƙabi, ta rubuta a nata littafin, ta ba wayar nata kukin. Daga nan ba ta sake tambaya, muddin ba a yi rabin awa ba a taɓa shafin ba. Maɓallin fita kuwa na ɗaura shi a sabata. In ka danna, tawa ta goge ka tas. Ta Kwabena ba wanda ya gaya mata ka tafi. Mun gwada har mun gaji, ni a laftof ɗina, shi a tasa, ni a wayata, shi a tasa. Kowa ya fita ya sake shiga da sunan kansa, to ta ina kuskure zai leƙo? Mu biyu, masu waya biyu-biyu a aljihu, ba wanda ya tuna cewa a kasuwar nan waya ɗaya layi guda take yi wa aiki.

Ranar Alhamis da hantsi aka gayyace ni rumfar Hajiya Ayishetu, in ga aikina yana aiki. Aka ba ni kujera da zoɓo mai sanyi. Yawancin matan ƙananan wayoyi gare su masu maɓalli, ita ce mai babbar waya, kuma ita ta iya karatun boko. Ta fara cika nata, ta danna fita yadda na koya mata, har ta ɗago ta nuna mini. Na ce madalla. Sai ƙawayenta masu zannuwa suka bi layi, su shida, kowacce ta miƙo kati, Hajiya ta shigar da lamba, shafi ya ce "Barka da zuwa, Hajiya," ta cika, ya ce "An karɓa, Hajiya," ta danna fita. Dukansu sun je Makka, wasu ma sau biyu. Ina zaune ina kaɗa ƙafa.

Ta ƙarshe ita ce Mma Lariba, mai daddawa da kuka da kanwa. Tun safe take wajen, amma duk wadda ta zo sai ta ce ta wuce gaba. Gajeriya ce, mai yawan dariya, mijinta ya daɗe da rasuwa, tiren daddawar nan shi ya yi wa 'ya'yanta makaranta. A daɗewa ba wanda ya kai ta a layin kayan miya, da na'ura ta ga sunanta, ita za ta fara ba rumfa. Ta kwance bakin zane ta ciro katinta. Hajiya ta shigar da lamba, ta duba, ta fashe da dariya.

"Lariba, ji abin da ya ce miki! Barka da zuwa, Hajiya!"

Mma Lariba ta ɗaga hannu biyu sama. "Amin, amin! Allah shi sa bakin mala'ika ne!"

Rumfa ta kaure da guɗa, ana ta cewa bana sai Makka. Wata ta ce Malam Isaka, abin naka har duba yake yi? Ni da na rubuta mata "Mma" da yatsuna, ni da Masta Yakubu ya wuni yana kiran mai gyaran takalma da sunana, sai na gyara zama na ce, "Ai na'urata tana hangen gaba." Aka ƙara dariya. A Zango ko mai tallan ruwa ka ce mata Hajiya don ta ji daɗi, shi ya sa kunnena ya ji kalmar bai tsaya ba. Na shanye zoɓona na tafi.

Mako na zagayowa aka liƙa sunaye a ƙofar ofishin ƙungiya. Hajiya Ayishetu, wadda ake sayen lefe a wajenta tun daga Tamale, an ba ta rumfa a layin daddawa, maƙwabcinta mai busasshen kifi. A gaban sunanta an rubuta kayan da take sayarwa: daddawa, kuka, kanwa. Kwana biyu Zango na dariya, har ana tambayarta nawa curi. Amma da dariyar ta lafa sai aka ga abin da ke ƙarƙashinta. Mata bakwai babu sunansu ko kaɗan, Hajiyoyi shida da Mma Lariba.

Na kira Kwabena. Ya zo da laftof a hammata, tun daga ƙofa yake magana, yana kirana Masa, wato maigida.

"Masa, ni ba na da matsala. Naka mashin ne ya tsufa, ya gaji sosai paa."

Na ce tawa ta shekara goma sha tana aiki kafin ya san inda ake kunna kwamfuta. Muka yi ta ja-in-ja har muka gaji, sannan muka yi abin da ya kamata mu fara yi, muka buɗe kundin da kowace saba ke rubuta masu shiga da fita, muka jera su gefe da gefe. Tawa ta ce ranar Alhamis mata takwas sun shiga sun fita, ɗaya bayan ɗaya, ga lambar kowa ga lokacinta. Tasa ta ce mace ɗaya ce ta zo, Hajiya Ayishetu, ta cika fom, ta sake tunani ta canza, ta sake canzawa, har sau takwas, a ƙarshe ta tsaya a kan daddawa. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Kowacce ta faɗi abin da ta gani, ni ne ban haɗa su su gaisa ba. Kwabena ya ce, "Masa, wannan dai mun kashe mutum." Gyaran kuwa layi uku ne. Kafin shayin da aka kawo mana ya huce na gama, aka danna fita, saba biyu suka goge mutum tare. Ihu bayan hari.

Aka kira taron kwamiti bayan la'asar. Hajiyoyin shida ba su wahala ba. Wannan mijinta na kwamiti, waccan ƙanenta ne ma'aji, sai aka tuna akwai ɗakin ajiya da za a iya rabawa, da wasu rumfuna da kwamiti ya keɓe wa kansa. Aka mai da Hajiya Ayishetu layin zannuwa da ban haƙuri. Ta tashi daga rumfar daddawa, na ce alhamdu lillahi, ga rumfa ga mai ita, tunda duk abin da ke rubuce a fom ɗin na Mma Lariba ne. Na miƙe na faɗi komai, ban ɓoye ba, na ce kuskuren nawa ne, na nuna takardar da ke shaida cewa ta shiga ranar Alhamis da hantsi.

Alhaji Mamman ya ce, "Sunanta yana cikin jerin?"

"Babu, Alhaji, amma ga shaidar ta shiga."

"Shiga masallaci daban, salla daban."

Ya ce akwai wata mai kayan miya da na'ura ta sa a farkon masu jira, ta cika fom da sunanta, da wayar kanta, ba ta yi laifin komai ba. Da wane baki za a ce mata ta kauce? Na ce su ma Hajiyoyin ai ba sa cikin jerin. Ya ce su kwamiti ya yi musu alheri daga abin da yake nasa, jerin kuwa ba a taɓa shi ba, kuma ba za a taɓa ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam Isaka, ba kai ka ce mana na'ura ba ta ƙarya, ba ta san ɗan'uwa ba? Da muna rubutu a takarda kai ka hana mu." Ni ne kuwa. Shekara da shekaru ina bin dattawan nan ina cusa musu wannan maganar don su ba ni aiki, sai ga shi ranar da na fi buƙatar su yarda da ni, sun riga sun gama yarda da ita. Hajiya Ayishetu ta yi magana, ta ce a gabanta aka yi, aka ce an ji, Allah ya saka. Aka shafa fatiha. Na ji kunya ranar, irin wadda ba ta wankuwa, kuma har gobe ina jinta.

Shi ya sa in kun kawo mini aiki kuna murna ya yi, nake karɓar wayar in ba na kusa da ku, shi ma ya ba na kusa da shi, har ta zagaye benci. Kuna ganin tsufa ne ke damuna. Shi ya sa kuma duk shafin da ya fita daga shagon nan yake gaida mutum da laƙabinsa da manyan baƙaƙe, a ƙasa ga cikakken sunansa gatsau, ko wa zai ji haushi. Alhaji ya gani, ya gyara hula ya wuce.

Mma Lariba ta koma ƙofar gidan da take haya a Moshi Zango, ta kafa tebur a gindin katanga. Masu sayen daddawarta na shekara talatin mutanen hanyar Sunyani ne, masu sauka daga mota su saya su wuce, ba wanda zai ratso gari ya shiga lungu don curin daddawa. Na yi wata guda ina cewa gobe zan je. Ranar da na je da safe ne, na tarar tana korar ƙuda daga tire, ba kowa a gabanta. Ta tare ni da fara'a, ta goge mini benci da gefen zane. Bayan gaisuwa na ce, "Mma, na zo ne in gaya miki da bakina. Ba ke kika yi kuskure ba, ni ne. Ranar nan na'urar ba ta san kin zo ba, Hajiya Ayishetu take tsammani. Amma na gyara, ba za ta sake yi wa kowa haka ba."

Ta ce, "Yoo, na ji. Ka gyara." Ta ci gaba da ƙulla kuka a leda. Can ta ce, "Ni ma na san ba ni yake kira ba, ɗana. Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Amma mutum ya girmama ka a gaban jama'a, sai ka ce masa ƙarya yake? Shi ne na ce amin."

Na dubi tiren. Sai na ce ta ba ni daddawa da kuka, alhali akwai su a gidana. Ta ƙulla, ta miƙo, sannan ta sake kai hannu cikin tiren ta ɗauko curi biyu, daga ɗan abin da ya rage mata, ta ɗora a kai. Na ce a'a Mma, don Allah ki bari. Ta kama hannuna ta danna mini a tafi.

"Ungo gyara," ta ce. "Nawa irin wanda ake tafiya da shi gida ne."